Awa Goma Sha Biyar da Sunana

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bin labarin nan. Na ga saƙonninku, na karanta su ɗaya bayan ɗaya, har da na baiwar Allahn da ta ce na cika jan rai. Wallahi ba jan rai ba ne. Sai da na shekara ashirin da biyar na koma aji, har yau kuma idan na rubuta layi sai na karanta shi sau biyu kafin in yarda da shi. Ku yi haƙuri da ni.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: sunana Saguira, shekarata ashirin da takwas. A Cotabato nake zaune tare da mahaifinmu da muke kira Ama, da yayata Tarhata da 'ya'yanta uku. Ina sayar da pastil a bakin ƙofar asibiti, shinkafa da yagaggen naman kaza a ƙunshe cikin ganyen ayaba. Akwai kuma Mohaliden, direban motar haya ta hanyar Davao, wanda ya ce yana so na, ni kuma ban ce a'a ba. Yau abin da ban taɓa faɗa masa ba zan faɗa muku.

Ama yana wankin ƙoda Talata da Juma'a. Idan aka sauke shi daga na'urar nan, jikinsa kamar tsumman da aka matse, ga shi sai mun ɗora shi a babur mai kwando ya yi ta jijjiga shi har gida. Sau biyu yana sulalewa a kafaɗata a hanya. Alhali ga ƙaramar a-kori-kurarmu fara a tsakar gida an lulluɓe ta da tamfol, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, tun da mijin Tarhata ya tafi aikin gini Manila babu mai tuƙa ta. Mohaliden ya koya mini tuƙi a filin bayan injin casar shinkafa, Lahadi bakwai a jere. Na iya. Har baya-baya na iya, ban taɓa buge ko garwa ɗaya cikin waɗanda yake jera mini ba. Amma tsakanin gidanmu da asibiti shingen bincike uku ne, kuma abin da suke fara tambaya lasisi ne.

Wata Talata da hantsi Mohaliden ya zo teburina, rigarsa ruwan toka ta sha guga, tawul ɗin nan nasa a wuya. Ya ɗauki pastil biyu bai tambaya ba, ya zauna a kan bokitin da na kife.

"Hajiyar sitiyari, kawo wayarki."

"Me za ka yi da ita?"

"Zan duba in ga wa yake turo miki saƙo ban da ni. Kawo mana."

Na miƙa masa. Ya yi ta latse-latse yana tauna.

"Yanzu ba sai kin je kin zauna a aji ba," ya ce. "A waya ake yin karatun dokokin hanya. Awa goma sha biyar. Ki kalli darasi, ki amsa tambayoyi, su ba ki satifiket. Da shi za mu je ofishin lasisi a ba ki takardar ɗalibi, ta koyon tuƙi. Bayan wata guda kuma..." Ya kama sitiyarin iska ya murɗa, har da ƙahon baki.

"Ni da ba na karatu da sauri?"

"Ke da kika fi kowa sauraro? Magana ake yi a ciki, ba rubutu kaɗai ba. In ba ki gane ba ki maido shi baya. Malamin ba ya gajiya, ba ya tsaki, ba irina ba ne."

Ina kallon yatsansa ya rubuta: Saguira Dimalen. Na bar shi ya ci gaba. Ni dama haka nake, magana takan zo mini har maƙogwaro ta koma.

"Ranar haihuwa?"

"Kwana uku bayan ƙaramar Salla, shekarar da muka yi gudun hijira."

Ya tuntsire da dariya har shinkafa ta sarƙe shi. "Ke dai! Akwatin nan lamba yake so, ba tatsuniya ba."

Na faɗa masa wata rana da wata. A wurin na zaɓe su, ina kallon kalandar mai sayar da katin waya da ke gefena. Ya rubuta. Da ya zo wurin da ake ɗora hoton katin shaida da takardar haihuwa, sai ya ce, "Wannan daga baya ma kin yi, kafin su ba da satifiket. Suna gida ko?"

"Suna gida," na ce. Ban yi ƙarya ba. Suna gida, cikin gwangwanin biskit a saman kwabata. Sai dai ba nawa ba ne.

Ya maido mini wayar. A saman fuskarta an rubuta: *Barka da zuwa, Saguira.*

'Yan uwa, wannan ne karo na farko a rayuwata da na ga sunana a rubuce a wurin da ba ni na rubuta shi ba.

Bari in yi muku bayani. Tarhata a asibitin gari aka haife ta, tana da takarda. Ni a makarantar da muka fake aka haife ni, ungozoma ta yanke cibiya, babu wanda ya tuna da rajista, ana ta rai. Ina shekara goma sha biyar mahaifiyarmu ta rasu, gona ta ƙi, sai ƙanen Ama, Bapa Kamid, ya zo da maganar aikin gida a Kuwait. Ba a ɗaukar yarinya ƙarama, sai mai shekara ashirin da uku. Tarhata ta kai, amma tana da goyo. Sai aka ɗauki takardarta, aka sa mini jan baki da takalmi mai tsini, aka ɗauke ni hoto. Fasfo ya fito: fuskata, sunanta. A ƙauyenmu ba ni kaɗai ba ce, aron suna ake cewa, kamar aron tukunya ranar biki. Shekara tara na yi ina amsa Tarhata a gidan mutane. Da na dawo aka zo yin katin ɗan ƙasa, Bapa ya ce in bi abin da ke fasfo kar a samu saɓani, na dangwala yatsuna goma a kan sunanta. Makarantar manya ma da shi na shiga. In malama ta kira "Tarhata," sai in yi jim, sannan in ɗaga hannu.

A gida kuwa kowa Saguira yake ce mini. Mohaliden ma da shi ya san ni. Ban taɓa samun ranar da zan faɗa masa ba.

Na fara karatun washegari bayan sallar asuba. Na jingina wayar da tukunyar dafa shinkafa, ina yagar naman kaza ina sauraro. Ashe abin yana da ido. Jifa-jifa sai ya tsaya ya ce in kalli kyamara, in ƙifta, in juya hagu, don ya tabbatar ni ce ba wani ya zauna mini ba. Idan na sunkuya ɗauko ganye sai darasin ya tsaya cak: *Ba a ga fuskar ɗaliba ba.* Ranar farko tururin shinkafa ya rufe kyamarar, ya ƙi gane ni sam, sai da na goge ta da gefen malong ɗina, zanen da nake ɗaurawa, na gyara ɗankwali, na zauna tsaf kamar mai jiran baƙi.

Tarhata ta leƙo daga ɗaki. "Wa kike wa kwalliya da sassafe?"

"Malamina."

"Wannan mai maganar ta hanci? Allah ya ba da zaman lafiya."

Na koyi abubuwa. Farin layi wanda bai tsinke ba, ba a tsallaka shi. Wanda ya riga shiga shataletale shi ke da hanya. Tsakaninka da motar gabanka ka bar tazarar da za ka ƙirga uku. Na sayi ƙaramin littafi mai bangon shuɗi ina zana alamomin da hannuna, mai kusurwa uku, mai da'ira, mai kusurwa takwas. Kowane darasi na gama, sai wayar ta ce: *Madalla, Saguira.* Wani lokaci nakan sake darasin da na riga na ci, ba don ban gane ba.

Mohaliden kuwa duk inda ya tsaya sauke fasinja sai ya turo saƙo.

*Awa nawa yau?*

*Biyu da rabi.*

*Jarrabawa: kin zo mahaɗa, ga ni a dama, ga wani mai kuɗi a hagu. Wa za ki ba hanya?*

*Na dama.*

*Kin ci. Saboda doka ko saboda ni?*

Na daɗe ina kallon saƙon. Na rubuta *doka*, na goge. Na rubuta *kai*, na goge. Na tura masa hoton alamar "a rage gudu".

*Wayyo,* ya rubuto. *Innata ta ce da kin karɓi takardar ɗalibi za su zo gaishe da Ama. Ki ce wa Yaya Tarhata ta tanadi kofi mai kyau, ba wannan ruwan wankin nata ba.*

Kwana tara na yi na cika awa goma sha biyar. Jarrabawar ƙarshe a bakin asibiti na yi ta, ranar Juma'a, Ama yana ciki a kan na'ura. Na kife faranti a kan pastil, na ce wa masu saye su dawo an jima. Ana ba da lokaci, ni kuma sai na karanta tambaya sau biyu. Saura minti huɗu na danna ta ƙarshe. Wayar ta yi ɗan tunani, sannan ta cika da koren launi. Na ci.

Ban gama murmushin ba wani rubutu ya fito a ƙasa: *Ɗora takardar haihuwa da katin shaida masu ɗauke da wannan suna cikin kwana bakwai, domin a fitar da satifiket.*

Na san zai zo. Kwana tara ina sane. Amma mutum yakan san abu ya kuma zauna kamar bai sani ba.

Na tambaya a ofishin unguwa ba tare da na ce ni ce ba, na ce wata ƙawata ce. Matar ta ce ana yi wa babba rajistar haihuwa ko ya shekara nawa, amma sai uba ko uwa sun rantse a rubuce, da shaidu biyu. Ta ƙara da cewa, "In dai ƙawar taki ba ta taɓa dangwala yatsa da wani suna ba. In ta taɓa, to sai an yi bincike, a ji wanda ya shirya abin tun farko." Ta dube ni ta saman tabarau. Na yi godiya na fito.

Ranar Asabar da la'asar na durƙusa gaban Ama. Yana kwance a kan tabarmar falo, fanka tana kaɗa masa, hannun da ake sa allura a kan matashi. Na faɗa masa a hankali. Sai ya aika a kira Bapa Kamid.

Bapa ya zo da farar hularsa da carbi, yana ƙamshin turaren da yake sayarwa. Ya sha kofi, ya ci soyayyar ayaba biyu, ya saurare ni har na gama. Ba mugu ba ne, kar ku ɗauka mugu ne. Shi ya ɗauki gawar mahaifiyarmu a kafaɗarsa.

"'Yata," ya ce, "mene ne abin wahala a nan? Ki sake karatun da sunan da ke katinki. Ba kin riga kin iya ba? Wannan karon ma kwana uku ya ishe ki."

"Bapa, lasisin da wannan suna zai fito."

"To? Mota tana tambayar suna ne?"

"Auren ma da shi za a rubuta."

"Liman da Saguira zai ɗaura. Allah ya san Saguira. Takarda ai ta gwamnati ce, ki ba su abin da suka sani." Ya ajiye kofin. "Kin san 'yan mata nawa na taimaka wa a ƙauyenmu? Goma sha ɗaya. In aka buɗe naki, an buɗe nasu. Wasu suna can har yanzu, su ke ciyar da gidajensu. Ni kuma a shekaruna a sa ni a motar fursuna mai raga a taga? Haka kike so?"

"Ba haka nake so ba."

"To me kike so?"

Me zan ce? In ce ina son wayar ta ci gaba da cewa madalla Saguira? Na dubi Ama.

"Ama, sa hannu ɗaya ne. Ka ce kai ka haife ni."

Idanunsa suka cika. Ya dubi ƙanensa, ya dube ni, sannan ya juya fuskarsa bango a hankali, yana kare hannun allurar.

"Ni na haife ki," ya ce wa bangon. "Amma shi ma uwarmu ɗaya."

Shi ke nan. Na kwashe kofuna. A bakin ƙofa Bapa ya dafa kaina ya sa mini albarka, na ce amin. Na ce masa zan sake karatun da sunan Tarhata. Talata tana zuwa, Juma'a tana zuwa, babur mai kwando yana nan yana jiran Ama. Wace ce ni?

Na ɗauka magana ta ƙare a nan.

Lahadi da safe muna kicin ni da Tarhata, tana gasa ganyen ayaba a kan wuta don ya yi laushi, ina zuba shinkafa. Tun jiya ba ta ce uffan ba, alhali duk abin da aka faɗa a falo ta ji ta bayan labule. Yayata mace ce mai surutu, in ta yi shiru gidan har wani iri yake yi.

"Saguira."

"Na'am, Yaya."

"Kar ki sake karatun nan da sunana."

Na tsaya da ludayi a hannu.

"Norjanna ta samu gurbin karatun jinya," ta ce. Babbar 'yarta ke nan, mai shekara goma sha bakwai. "Sun ce ta kawo takardar haihuwa. Ba ta da ita, ƙannenta ma ba su da ita. Na je in yi musu, aka ce uwa ta kawo katinta. Wane katin? Na je in yi katin, na ba da takardata, yarinyar ta latsa kwamfuta, sai ga fuskarki. Ta ce, 'Baiwar Allah, wannan ai ta riga ta yi.' Na ce kuskure na yi, na fito da gudu kamar ɓarauniya." Ta juya ganyen, gefensa ya riga ya ƙone. "Wata biyu ke nan. Na kasa faɗa miki."

"Yaya..."

"Shekara goma sha uku ban taɓa tambayarki ba. Rufin gidan nan guminki ne, motar can ma guminki ce, na sani. Ban manta ba wallahi. Amma aro aka ce mini. Bapa ya ce shekara biyu ki dawo." Ta share ido da bayan hannu. "Kullum da asuba ina jin wayarki tana kiran sunanki, ina jin daɗi har raina. Na ce to, ta samu nata, za ta sakar mini nawa. Sai jiya na ji kin ce za ki ƙara ɗaure shi da lasisi."

"In na saki naki, ba ni da komai."

"Na sani."

"In na nemi nawa, Bapa..."

"Na sani, Saguira. Ni ma ban san yadda za a yi ba. Na dai gaji da zama ba kowa ba a gidan ubana."

Muka ci gaba da ƙunshe pastil. Guda tamanin muka yi. Nata ƙullin ya fi nawa kyau, kullum haka ne.

Da azahar saƙon Mohaliden ya shigo. *Gobe na ɗauki hutu. Ƙarfe takwas zan zo, mu je a ɗora takardunki a shagon kwamfuta, a duba miki ido, mu wuce ofishin lasisi. Ki sa shuɗin mayafin nan, hoton lasisi shekara biyar yake yi.*

Na rubuta *ba ni da lafiya*, na goge. Na rubuta *akwai maganar da*, na goge. Na tura *to*.

Litinin ƙarfe takwas saura ya yi fakin a ƙofar gida. Na sa shuɗin mayafin. Na hau kujera na sauko da gwangwanin biskit, na ɗauki fasfon, bangonsa duk ya kode. Ama yana falo idonsa a rufe, ban san ko barci yake ba. Na wuce a-kori-kurar da tamfol ɗinta, na buɗe ƙyauren.

Yana jingine da motarsa, ya yi aski, yana riƙe da sabuwar jakar roba mai zif da ya saya don takarduna. Ya ga mayafin ya yi murmushi.

"Iye! Yau 'yan shinge sai sun sara. Ina takardun?"

Na miƙa masa fasfon da hannu biyu.

Ya buɗe yana dariya. "Kai, ji yarinya! Wa ya shafa miki wannan jan bakin kamar..." Dariyar ta tsaya. Ya matso da shi kusa da ido. Na ga leɓensa yana motsi, yana karanta sunan, yana karanta shekarar. Ya ɗago ya dube ni, ya koma kan hoton, ya sake ɗagowa.

"Saguira, na Yaya kika ɗauko." Ya sake dubawa. "A'a. Wannan ai ke ce. To wace ce Tarhata a nan?"

Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Kafin ta fito na ji ƙarar silifa a bayana, da ƙaurin ganyen ayaba. Yayata ta tsaya a bakin ƙyauren, hannunta duk shinkafa.

"Ni ce," ta ce. "Shigo ka zauna, ɗan nan. Ita ba za ta iya faɗa maka ba."